Audu Baƙo: Ɗan sandan da ya gina Dam ɗin Tiga, ya kuma rage wa En'e ƙarfi

A kudancin Jihar Kano, kimanin kilomita 70 daga birni, akwai wani ruwa da idan mutum ya tsaya a gefensa ba ya hango ɗaya gefen. Wannan shi ne Dam ɗin Tiga, wanda ya shimfiɗu a yankin Bebeji da Tudun Wada da maƙwabtansu.

Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Da shi masunta ke ciyar da iyalansu, kuma wani kaso na ruwan famfon birnin Kano daga nan yake tasowa.

Idan aka tambayi dattijon yankin wanda ya yi wannan aiki, ba zai yi dogon tunani ba. Sunan da zai kira shi ne Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

Sai dai akwai wani aikin nasa da ba a cika tunawa da shi ba, domin ba gini ba ne da ido zai gani. A hannunsa aka sassauta ƙarfin En'e, hukumar da ta daɗe tana karɓar harajin talaka ba tare da talakan yana da ikon tambayar ta inda kuɗin ya shiga ba. Yadda ya yi wannan gyara, da inda gyaran ya tsaya, shi ne ya sa tarihinsa ya shafi duk wanda ya taɓa kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma ya dawo yana jiran amsa.

Haifaffen barikin 'yan sanda

An haifi Audu Baƙo a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya shafe shekaru masu yawa yana aikin ɗan sanda. Ya tashi yana ganin faretin safe da kaki da bin umarni, kuma wannan tarbiyya ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda.

Ya koyar da dokokin aikin a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Daga baya ya kai matsayin mataimakin kwamishina, aka ɗora masa alhakin lura da 'yan dokar En'e na Jihar Arewa baki ɗaya.

Wannan muƙami shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya yi daga baya. Ya ga En'e daga cikinta. Ya san yadda ake kama mutum, da yadda ake tsare shi, da kuma wanda ke ba da umarnin.

Hukumar da ba a yi mata tambaya

En'e ita ce hukumar gargajiya da Turawan mulkin mallaka suka yi mulki ta hannunta. Sarki yana sama da majalisarsa, sai hakimai, sai dagatai, sai masu unguwanni.

Ita ke karɓar haraji daga kan magidanta da jangali daga kan shanu, ta zuba a baitulmali. Ita ke da 'yan doka. Kotunan alƙalai nata ne, gidan yari ma nata ne. Makarantun elemantare da ɗakunan shan magani da kasuwanni da rijiyoyi duk suna ƙarƙashinta.

En'e ta Kano tana cikin mafiya girma da arziki a duk Najeriya, kuma ta yi ayyukan da ba a musu a kansu. Amma tsarin yana da babban giɓi. Idan talaka yana da ƙorafi a kan dagaci, wajen hakimi zai kai. Idan a kan hakimi ne, sai ya nufi birni. Ɗan dokar da zai tare shi a ƙofa da alƙalin da zai saurare shi da mai tsaron gidan yarin da za a iya tura shi, duk ma'aikatan hukumar da yake ƙara ne.

Ga mutumin Tudun Wada ko Ririwai, nisan kaɗai ya isa ya kashe masa gwiwa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 100 zuwa Kano, a zamanin da motoci ba su da yawa, hanyoyi kuma sukan yanke da damina. Da yawa sukan haƙura su bar wa Allah.

'Yan boko na farko sun ga wannan matsala. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Arewa yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul. A cikin watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, kuma babbar gwagwarmayarta ita ce 'yantar da talaka daga danniyar En'e. Magoya bayanta da dama sun sha bulala da ɗauri a kan haka.

Ko lokacin da aka binciki En'e ta Kano, daga sama binciken ya zo. A 1962 gwamnatin Sardauna ta naɗa wani jami'i Bature, Muffett, ya duba yadda ake sarrafa kuɗinta. Binciken ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya a 1963. Darasin a fili yake: Kaduna na iya tambayar En'e ta amsa, amma mai biyan haraji ba shi da wannan dama.

Sabuwar jiha a bakin yaƙi

A ranar 27 ga Mayun 1967, Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12. Kano ta zama jiha mai cin gashin kanta, ta haɗa masarautun Kano da Haɗejia da Gumel da Kazaure, wato har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991. Bisa ƙidayar 1963, mutanenta sun haura miliyan 5.

Aka ba Audu Baƙo riƙonta. Makonni kaɗan bayan haka Yaƙin Basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Ya karɓi jihar da ba ta da isassun ofisoshi, ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani, domin a da komai daga Kaduna ake gudanar da shi.

Abu na farko da ya ja hankali shi ne irin mutanen da ya tara a majalisar zartarwarsa. Ga Alhaji Yusuf Maitama Sule, tsohon minista a gwamnatin NPC, wanda ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi. Ga Alhaji Tanko Yakasai, ɗan gwagwarmayar NEPU da ya sha shiga gidan yari. Ga ɗan kasuwa Alhaji Aminu Ɗantata, ga Alhaji Inuwa Dutse a ɓangaren gona. Mutanen da jiya suke gaba da juna a fagen siyasa suka zauna a teburi ɗaya.

A fada kuma akwai matashin sarki, Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau karaga a 1963. Shi ma tsohon ɗan doka ne, domin ya riƙe Wakilin Doka na Kano kafin a tura shi jakadanci ƙasar Senegal. Haka aka samu tsofaffin jami'an tsaro biyu, ɗaya a Gidan Gwamnati ɗaya a Gidan Dabo, a daidai lokacin da za a sauya tsarin da dukansu suka yi wa aiki.

Gyaran da ya taɓa jijiyar En'e

Wani ɓangare na gyaran shawarar gwamnatin soja ce ta ƙasa, aka aiwatar da ita a jihohin Arewa a ƙarshen shekarun 1960. An karɓe 'yan doka aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya. An mayar da gidajen yari hannun Gwamnatin Tarayya. Kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, aka kuma rufe kotunan sarakuna.

Ga talaka, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A karon farko, hukumar da yake ƙorafi a kanta ba ita ce mai kama shi, ta yi masa shari'a, ta kuma tsare shi ba.

Ɗaya ɓangaren kuma na Kano ne. A ƙarshen 1968 gwamnatin Audu Baƙo ta sanar da sabon tsarin mulkin ƙananan hukumomi. Aka daina amfani da sunan En'e a hukumance, ko da yake bakin jama'a bai saki sunan ba har yau. Aka raba jihar zuwa yankunan mulki 8, guda 5 daga cikinsu a cikin masarautar Kano, sauran kuma Haɗejia da Gumel da Kazaure. Kowane yanki ya samu jami'in gwamnatin jiha da ke zaune a cikinsa.

An kuma buɗe majalisun hukumomin ga mutanen da ba 'yan sarauta ba, aka fara matsa wa a riƙa ɗaukar ma'aikata bisa cancanta, wasu ayyukan kuma aka ɗauke su zuwa ma'aikatun jiha.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Akwai masu ganin an taɓa martabar sarauta. Gwamnan ya kare matakin da hujjar cewa sauke wa sarakuna nauyin kamu da ɗauri zai ƙara musu daraja a matsayinsu na iyayen ƙasa da jagororin addini. Tsawon zamanin Ado Bayero, wanda ya yi fiye da shekaru 50 a kan karaga cikin girmamawar jama'a, ya sa da yawa suna ganin hujjar ta tabbata.

Amma gyaran yana da iyaka. Mulkin soja ake yi. Babu majalisar dokoki, an haramta jam'iyyu, kuma waɗanda suka shiga majalisun ƙananan hukumomi naɗa su aka yi. Wanda aka naɗa kuwa, wanda ya naɗa shi yake tsoro. Ofis ya matso kusa da ƙauye, amma babu wata doka da ta ce dole a ba mai tambaya amsa, balle ta ɗibar wa jami'i wa'adi.

Ruwa a ƙasar fari

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne na ruwa. Ya lura cewa manomin Kano yana aiki wata huɗu ko biyar ne kawai a shekara, sauran watannin kuma sai zaman jira ko tafiya cin rani.

A 1969 aka fara Dam ɗin Bagauda domin gwajin noman rani a Kadawa. Da gwajin ya nuna alamar nasara, sai aka nufi babban aikin. A farkon shekarun 1970 aka datse Kogin Kano a Tiga, aka kammala a 1974.

Bangon dam ɗin ya kai kimanin kilomita 6 a tsawo, tsayinsa kuma kusan mita 48. Tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. Daga nan babbar magudana ke ɗaukar ruwa zuwa filayen Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko zai shayar da hekta 22,000.

Ana cikin ginin ne babban fari ya auka wa yankin Sahel, daga 1972 zuwa 1974. Amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu, mutane suka kwararo daga arewa suna neman abinci. Wannan ya sa masu shakkar aikin suka yi shiru. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano a shekarun da suka biyo baya, amma tumatir da alkama da shinkafa da albasa suka samu gindin zama a kudancin jihar. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da injinan casar shinkafa na Kura duk 'ya'yan wannan ruwa ne.

Bai tsaya a kan ruwa kaɗai ba. A zamaninsa aka gina gidan namun daji na Kano, da otal ɗin Bagauda wanda yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi, da otal ɗin da ke kan dutse a Tiga. Ya kuma dage a kan karatun 'ya'ya mata, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Waɗanda ruwa ya tasa

Tafki mai wannan girma ba a kan fili marar mai shi ya kwanta ba. A ƙarƙashin ruwan Tiga akwai gonaki da gidaje da makiyaya da maƙabartu. Dubban mutane ne aka tasa aka sake musu matsuguni.

A filayen noman ranin ma an karɓi gonaki, aka baje su, aka sake rabawa. Masu binciken da suka bi diddigin shirin a shekarun 1970 sun tattara ƙorafe-ƙorafen manoma a kan diyya da kuma rabon filayen.

A can ƙasa kuma, inda Kogin Kano ke haɗuwa da Challawa ya zama Kogin Haɗejia, wata matsalar ce ta ɓullo. Ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamun Haɗejia da Nguru ta ragu. Ruwan da ake saki ba yankewa ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Manoman shinkafa da masunta da makiyayan wannan yanki suka ɗanɗana kuɗarsu, kuma wasu masana tattalin arziki sun yi lissafin cewa asarar da aka yi a can ta zarce ribar da aka samu a sama.

A nan ne ayyukansa biyu suka haɗu. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin da aka tasa daga gonar kakanninsa yana da tambayoyi: nawa ne diyyarsa, yaushe za a biya, wa ya auna filin? Ba shi da zaɓaɓɓen wakili da zai tashi a majalisa ya nemi bayani a madadinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya bi ta hannun dagaci da hakimi da jami'in yanki, ya jira.

Abin da ya faru a Bakolori, a tsohuwar Jihar Sakkwato, ya nuna inda irin wannan jira kan kai. A watan Afrilun 1980, manoman da suka gaji da neman diyyar gonakin da aikin dam ya cinye suka tare hanyoyi, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da dama. Ba aikin Audu Baƙo ba ne, kuma a Tiga abin bai kai haka ba. Amma tushen matsalar ɗaya ne: hukuma ta yi babban aiki, ba ta tanadi ƙofar amsa tambaya ba.

Saukarsa da rasuwarsa

A ranar 29 ga Yulin 1975 aka hamɓarar da gwamnatin Gowon. Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya karɓi mulki ya sauke dukkan gwamnonin. Kanar Sani Bello ya maye gurbin Audu Baƙo.

Sabuwar gwamnatin ta binciki kadarorin tsofaffin gwamnonin 12. Biyu kawai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Baƙo yana cikin ragowar 10 da hukuncin ya hau kansu. Wannan ma wani ɓangare ne na tarihinsa, ko da yake bai shafe ayyukansa a zukatan Kanawa ba.

Ya koma Jihar Sakkwato ya rungumi noma, sana'ar da ya shafe shekaru takwas yana kwaɗaita wa jama'a. Allah Ya yi masa rasuwa a 1980, yana da kimanin shekaru 56. Sakatariyar gwamnatin jihar da gidan namun daji da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta da wani babban titi a birnin Kano duk suna ɗauke da sunansa.

Inda aka kwana

Waɗanda suka zo bayansa sun ɗora a kan abin da ya fara. A 1975 gwamnatin Murtala ta kafa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, kuma wanda aka ba shugabancinta shi ne Maitama Sule, tsohon kwamishinan ƙananan hukumomi na Audu Baƙo.

A 1976 aka yi babban gyaran ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, wanda ya raba sarakuna da harkar gudanarwa, ya kuma ba Jihar Kano ƙananan hukumomi 20. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Dam ɗin Tiga kuwa ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ta Gwamnatin Tarayya.

Yau Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kowacce tana da sakatariyarta da shugabanta da kansilolinta. Kiru da Bebeji suna da ɗan Majalisar Wakilai guda, Tudun Wada da Doguwa ma haka. Nisan da ya hana kakanninsu kai kuka ya kau.

Doka ma ta samu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma wajabta a amsa masa cikin kwana 7. Idan an hana shi, sai an rubuta masa dalili, kuma yana iya zuwa kotu. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya.

Duk da haka, tambayoyin mutanen bakin Tiga ba su sauya sosai ba. Yaushe za a yashe magudanar da ta cushe? Wa zai sanar da su kafin a saki ruwa? Me ya sa ƙauyen da ke kallon tafki yake sayen ruwa a jarka? Nawa ne ya shigo asusun ƙaramar hukuma a watan jiya, kuma me aka yi da shi?

Audu Baƙo ya karɓe sanda da mabuɗin kurkuku daga hannun hukumar da ake jin tsoron tambaya, ya kuma kawo ofis kusa da manomi. Abin da bai kai ga yi ba, kuma mulkin soja ba zai ba shi damar yi ba, shi ne ya ɗaure ofishin da wajibcin amsawa a kan lokaci. Wannan kaso na aikin yana nan yana jiran shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da 'yan majalisa, da kuma jama'ar da yanzu doka ta ba su ikon rubuta takarda su fara ƙirga kwanaki.

Allah Ya jiƙan Audu Baƙo, Ya gafarta masa kurakuransa.